Daga Dutse Zuwa Kano da Dabino a Bayan Mota

Gonar gado ce a bayan garin Dutse. Magada suka sayar, wanda ya saya kuma ba noma ne ya dame shi ba, awon igiya zai yi ya yanka fulotai. Duk wanda ya san wannan harka ya san itatuwa ne ke fara shan ƙasa. Kawunmu, wanda gonarsa ke iyaka da wannan, shi ya aiko mana da labari cewa akwai manyan dabino a ciki, kuma sabon mai filin ya ce duk mai so ya zo ya tone kafin katafila ta shiga, in ya so a ba shi na goro. Ni da yayana kuwa kowa ya yi sabon gini a bayan Kano, tsakar gida fetal, ko inuwar da kaza za ta fake babu. Ka shuka ƙwallon dabino ka zauna jiran shekara 7 ko 8, alhali ga wanda ya riga ya girma ana neman kai da shi? Tafiya ta kama.

Mun fita da sassafe a ƙarshen watan Mayu, ruwan fari ya sauka, ƙasa ta ɗan yi laushi. Ta Hotoro muka bi, muka wuce Mariri 'yan goro na ta sauke huhu, muka haye gadar Wudil. Da yake ba Juma'a ba ce, ranar da kasuwar shanu ke toshe garin, ba mu ɓata lokaci ba. Duka-duka tafiyar kimanin kilomita 100 ce in an bi ta Gaya da Shuwarin. Tun daga Gaya goruba ta fara yawa a gonaki, giginya jefi-jefi, sai da duwatsu suka bayyana sannan dabino ya karɓi gari.

Dutse garin dabino ne tun kafin a san za ta zama hedikwata. A tsohon gari, wajen Garu inda fadar Sarki take, za ka gan shi tsaye tsakanin duwatsu, cikin gidaje, bayan masallatai. Ba banza ba cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, wato NIFOR, wadda uwar ofishinta ke kusa da birnin Benin, ta kafa reshenta na dabino a nan. Amma tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 aka ce Dutse ce babban birni, sannan jami'ar tarayya ta zo a 2011, gari ke cin gona ba dare ba rana. Girman gari ba laifi ba ne. Abin takaicin shi ne, ƙasar da dabinon da take samarwa a shekara bai fi tan 20,000 da 'yan kai ba, wadda in azumi ya zo sai ta zuba ido ga motocin da ke shigowa ta Nijar da dabinon Agadas da na Aljeriya, ita ce kuma ke tumɓuke uwayen da suka shekara 30 suna haihuwa don a kafa shago.

Bayan gaisuwa da fura, Kawu ya ce ba zai kai mu gonar ba sai an kira wani dattijo, wanda shi ya yi wa marigayi mai gonar hawan dabino da barbara tun yana saurayi. "Ku 'yan birni tsawo kuke saye," in ji Kawu, "shi kuwa ya san kowace da halinta."

Muna shiga gonar yayana ya zarce gindin wata giginya da ta kere kowa, mai ƙaton ciki can sama, ya dafa ta. "Baba, wannan nake so a ƙofar gidana." Dattijon ya yi dariya har sai da ya dogara sandarsa. "Alhaji, wannan sai dai ka riƙa zuwa kana gaishe ta. Giginya ba ta ƙaura."

Dalilin yana cikin abin da kowa ya ci yana yaro. Murucin da ake sayarwa dafaffe a tasha ai jaririyar giginya ce. In ƙwallon ya tashi tsirowa, kafin ya nuna ganye ko ɗaya sai ya tura murucin nan can ƙasa, ya kafa gindin itacen a zurfi. Shekaru za ta yi tana fitar da ganye a ƙasa-ƙasa ba gangar jiki, tana ginin ƙarƙashi, sannan ta miƙe. Wanda ya zo tone babba, kafin ya kai inda ta kafu ya riga ya sare abin da take rayuwa da shi, ga tsawon da ke kai mita 20, ga nauyin da ba motar da za ta shiga lungu da shi. Ko da ma za ta yarda, ba itacen tsakar gida ba ce. 'Ya'yanta kowane na iya haura kilo guda, in ya nuna daga can sama yake faɗowa ba sallama. Inuwar ma, Bahaushe ya daɗe da yanke hukunci, na nesa ke sha.

Goruba ita ma haka. Ba ta ɓuya, domin a duk waɗanda ke gonar ita kaɗai ce ke rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Saiwarta na bin ruwa can ƙasa, shi ya sa take jure fari, shi ya sa kuma tonon ta wahalar banza ce. Baba ya ce ita goruba ba a cika jin tausayinta ba, don in an sare ta kaba ke tohowa a gindi, a samu ta tabarma da igiya, kuma wanda ya taɓa ratsa Gulbin Kaba a ƙasar Maraɗi ya san gaskiya ya faɗa. Sai dai kaba ba ta fasa siminti.

Ga mai son gane su daga nesa, ganye ne shaidar farko. In buɗaɗɗe ne, irin wanda ake mafici da shi, to giginya ce ko goruba, ka haƙura. In dogon reshe ne mai sili-silin ganye dama da hagu, sai ka matsa kusa, domin a nan ake cin kuɗin mutane. Kwakwar manja haka take, kajinjiri ma haka yake. Dabino na gaskiya korensa mai toka-toka ne, ƙayarsa dogaye a gindin reshe, gangar jikinsa duk guntayen tsofaffin rassa ne da mai hawa ke takawa. Kajinjiri kore shar ne, siriri, gungu-gungu yake tashi a bakin rafi yana karkacewa, 'ya'yansa ƙanana kusan duk ƙwallo. Ita kuwa kwakwar manja ruwan kudu take so, a Kano sai dai ta rayu a wahalce.

Sanin cewa dabino ne ma rabin aiki ne. Akwai namiji akwai mace, kuma namiji ko ya shekara 100 ba zai ba ka ƙwaya ɗaya ka buɗe baki ba. In daga ƙwallo aka shuka, kusan rabi maza suke fitowa, matan ma kowace da irin 'ya'yanta, ba lallai ta biyo uwa ba. A gonar nan akwai wani da ya fi kowane kyan gani, mai cikar kai da kaurin jiki, shi yayana ya koma yana zagayawa. Baba bai ce uffan ba. Ya tsuguna a gindinsa, ya sa hannu ya tono ƙasa ya baje a tafinsa: ba komai sai busasshen ganye da kashin awaki. Ya tashi ya nufi wata gajeruwa mai ɗan karkata, wadda ba wanda ya ko kalla, ya yi haka nan. Sai ga ƙwallaye, tsofaffi baƙaƙe da sababbi, wasu har sun tsiro. Ya ɗaga sanda ya nuna mana sama, inda sandunan nonon bana ke rataye, dogaye, ruwan ɗorawa, da silin nan nasu da ake tsintsiya da shi. Na namijin gajeru ne, a cushe cikin kai. "Ga uwa nan," in ji shi. "Wancan ƙaton ba ya ba da komai a baki, amma kada ku raina shi. Duk matan wajen nan, har na gonar kawunku, da furensa nake musu barbara."

Namiji ɗaya na isar mata 30 ko fiye in da hannu ake yi. Da sanyi, in kwanson fure ya tsage, mai hawa ya yanko na namiji, fari mai gari, ya shanya a inuwa. Sai ya tsinki sili biyu ko uku ya cusa su a kife cikin furen mace, ya ɗaure da ganye. Kwanaki kaɗan ne ƙofar ke buɗe, in sun wuce 'ya'yan su fito ƙanana, ba ƙwallo ba zaƙi. Busasshen furen namiji na ajiyuwa watanni, saboda haka ba dole ne mai tsakar gida ya ba namiji fili ba, Kawu ma nan take ya ɗauki alkawarin aiko mana da shi a motar haya. Dabinon ƙasarmu sau biyu yake haihuwa a shekara, na rani da na damina, kuma na rani ake ji da shi, don ruwa na ruɓar da na damina kafin ya bushe.

Ni gajeruwar na ɗauka, gangar jikinta ba ta wuce mita 2 da rabi ba. Yayana ya haƙura da namijin amma bai haƙura da tsawo ba, ya zaɓi wata uwa da ta kusa mita 7. Baba ya ce, "Alhaji, tsohuwa ba ta son sabon ɗaki." Ya ce a dai tone.

Abin da ya sa dabino ke yarda da ƙaura shi ne ba shi da uwar saiwa guda irin ta tsamiya ko ɗorawa. Saiwoyi ne ɗaruruwa, kaurin ƙaramin yatsa, duk daga gindin gangar jiki suke fitowa, in an yanke su sababbi su fito daga nan. Amma yana da rauni biyu. Ido ɗaya gare shi, can a tsakiyar kai inda sabon ganye ke fitowa, in ya karye ko ya ruɓe itacen ya tafi ke nan ko da jikinsa lafiya lau. Sannan jikin ba ya warkewa. Darbejiya in ka sare ta ɓawo zai rufe wurin, shi kuwa dabino ko ramin ƙusa ne da shi zai mutu, kuma ta nan ƙwaro ke samun hanya. Duk abin da na ga an yi daga nan har Kano, kiyaye waɗannan biyun ne.

Da la'asar aka kewaye gindin kowace da kunya, aka yi ta juye jarkokin ruwa daga kura don ƙasa ta kama saiwa kada ta zube. Muka kwana gidan Kawu. Bayan asuba jikan Baba ya hau, igiya a ƙugu, adda a hannu, don shi dattijon gwiwa ta hana shi hawa yanzu. Ya sare rassan ƙasa, fiye da rabi, ya cire duk nonon da ya rage, ya tattara sauran ganyen ya ɗaure su a tsaye da igiyar kaba. Itacen da zai rasa yawancin saiwarsa ba zai iya shayar da cikakken kai ba, ɗaurin kuma na kare idon daga iska da rana. Baba ya sa aka shafa farar ƙasa a gefen gabas na kowace, ya ce yadda ta saba fuskantar rana haka za a tsayar da ita a Kano.

Masu haƙa suka ja da baya daga gindi wajen santimita 70, suka yi rami a kewaye, zurfin mita guda. Na tsaya a kansu ina kallon yadda suke yi da saiwa: ba fizga, ba murɗawa, da kaifin shebur da gatari suke datse ta sumul, fara tas tana tsattsafo da ruwa. Da ramin ya kai, suka riƙa shiga ta ƙarƙashi har dunƙulen ya rage a tsaye kan ɗan abu kaɗan, aka naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara aka ɗaure tamau.

Mota mai ƙugiya aka ɗauko haya daga cikin gari, don gajeruwar ma da ƙasarta ta haura tan guda. A nan aka ɗan yi hatsaniya. Yaron mota ya jawo sarƙa zai naɗa, Baba ya daka masa tsawa: "Kai yaro, gungume ka gani?" Aka nemo faffaɗan bel, aka yi masa matashi da buhuna, aka ɗaura daidai inda nauyi zai daidaita. A cikin mota aka kwantar da su kan tsofaffin tayoyi, gindi a gaba kai a baya, aka tallafe wuyan da katako don kada girgizar hanya ta karya idon ta ciki, aka lulluɓe da tamfol.

Kafin mu tashi Baba ya yi wani abu da ba mu sa shi ba. Akwai wata matashiyar mace da kuɗinmu bai kai mu ɗauka ba, gindinta cike da 'ya'yan da suka toho daga jikinta. Ya zaɓi waɗanda suka yi nauyin kilo 10 zuwa 20, masu saiwar kansu, ya ɗora faffaɗan ƙarfe mai kaifi daidai inda ɗa ya haɗu da uwa, jikansa ya buga da guduma. Ɗan gindi uwarsa sak yake biyowa, in mace ce mace, in mai zaƙi ce mai zaƙi, kuma cikin shekara 4 zuwa 5 ya fara haihuwa. Da ƙuruciya kawai dabino ke yin su, in ya tsufa ya daina. "Waɗannan su ne dukiyar," in ji shi, "manyan nan kwalliya ce." Ya sa aka jera mana su a gefen mota, ko sisi bai karɓa a kansu ba.

Hanyar da muka share kafin hantsi, ita muka yini muna ja a dawowa. Direba ba ya taka mota, duk rami sai ya lallaɓa. A Gaya aka tsaya aka jiƙa buhuna, a Wudil aka sake. A kowane shinge sai an ɗaga tamfol an leƙa, a tambayi takarda, sai ka ce akwai takardar dabino. Wata mai fura a Wudil ta leƙa, ta dubi yayana ta ce, "Alhaji, mace ce dai ko?" Tambayar da a birni ba kowane mai sayen itace ke yi ba. Cikin unguwa kuwa wayoyin lantarki ne suka so su hana ƙugiya ɗagawa, a nan rashin wuta ya yi mana rana, aka tsallakar da itace ta kan katanga kafin a kawo.

Ramin tun kafin mu tafi aka haƙa shi, ya fi dunƙulen faɗi sosai amma bai fi shi zurfi ba. An cika shi da ruwa an ga ya tsotse kafin gari ya waye. Da ya kwana da sai an sake wuri, domin dabino na son ruwa amma ba ya son kwana a cikinsa. Mita 3 muka bari tsakaninsa da katanga, ba don tsoron tushen gini ba, saiwar dabino ba ta yin kauri balle ta tsaga siminti. Rassa ne abin ji, da ƙaya, a gidan da yara ke guje-guje. A gona ma mita 8 zuwa 10 ake bari tsakanin itace da itace.

Aka saukar da gajeruwar farar ƙasa na kallon gabas, daidai zurfin da ta baro, alamar tsohuwar ƙasa a jikinta ita ce ma'auni. Maƙwabci ya kawo buhun kashin kaji don alheri, jikan Baba da ya biyo mu ya ce a yi masa godiya a mayar. Ɗanyen taki ƙona yankakkiyar saiwa yake yi, kuma a cikin juji irinsa ƙwaron nan mai ƙaho ke ƙyanƙyasa, ya hau ya huda kai. Ƙasar ramin aka mayar bayan an gauraya ta da rairayi, ana zubawa ana ba da ruwa ana zungura da sanda don kada iska ta maƙale. Aka naɗa buhu a jikinta, aka jera guntayen katako a kai aka ɗaure da waya, sannan aka tokare ta uku. Ƙusa a katako ta tsaya.

Makonnin farko kullum ruwa, bayan nan sau biyu a mako in sama ba ta yi ba, kuma a gindi, ba a kai ba. Ɗaurin ganye wata biyu ya yi kafin a kwance. Abin da ke yaudarar mutane shi ne dabino na iya zama kore wata da watanni alhali ya mutu, yana cin ajiyar da ke gangar jikinsa. Jikan Baba ya bar mana dabara: ya ja layi ɗaya da fenti, ya ratsa sabon tofon tsakiya da reshen da ke kusa da shi. In layin ya rabu, tofo ya yi sama, akwai rai. Na gajeruwar ya rabu kafin damina ta fita. Na doguwar yayana ko motsi. Da sanyi ya shigo aka hau aka ja tofon, ya zare a hannu, gindinsa ruɓaɓɓe yana wari. Bayan kuɗin ƙugiyar da aka biya don shigar da ita, sai da aka biya masu sara don fitar da ita gunduwa-gunduwa. 'Ya'yan gindin nan da aka ba mu kyauta kuwa sun kama a gidajen biyu. Gajeruwar har ta yi fure, muka yanke shi bisa umarnin Baba don ta mai da ƙarfinta ga saiwa, sai baɗi za a bar mata nono ɗaya ko biyu.

Labarin gonar daga bakin Kawu muka ji. Giginyun an tsaga su azara an sayar, su dai ba su tafi a banza ba, tunda azarar da gara ba ta iya ci ita ke riƙe da tsofaffin soraye a Kano da Zariya. Gorubar ta zama itacen girki. Namijin nan ba wanda ya ɗauka, katafila ta ture shi, da sanyin bana sai da jikan Baba ya je wancan gefen gari neman fure kafin a yi wa matan gonar Kawu barbara. Da masu yanka fulotai za su riƙa ba da sanarwa tun da sanyi, su bar masu so su tone a farkon damina, da an tsirar da da yawa, su ma su samu fiye da na goro.

Kai kuma mai karatu, in aka turo maka hoton ƙaton dabino a waya aka ce ka turo kuɗi, kada ka tura. Ka je da ƙafarka tsakanin tsakiyar sanyi da ƙarshen bazara, ka ga fure ko 'ya'ya da idonka, ka kuma tafi da wanda ya taɓa hawansa.